Filin Tambayi Malama: Fuskar Mai Intabiyu da Abin da Ke Cikin Takardarsa

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Maris, yawancin wasiƙun da ke shigo wa wannan fili a kan abu ɗaya suke. An yi wa yaro ko yarinya intabiyun shiga jami'a, an fito, sai kuma a zauna ana fassara tari da gyaran murya da murmushin waɗanda suka yi tambayoyin. Ni da na shafe shekara 14 ina zama a ɗaya ɓangaren teburin kafin in ajiye aiki, wasu wasiƙun dariya suke ba ni, wasu kuma tausayi. Na zaɓi biyar, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

*Assalamu alaikum Malama. Na yi intabiyu ta intanet da malamai biyu na wata jami'a a Ingila, ina neman karatun ilimin halittu. Tun daga tambaya ta biyu suka rikita ni. Duk amsar da na bayar sai namijin ya ce, "to in kuma abin ya zama kaza fa?" Macen kuwa ba ta ɗago kai ba, rubutu kawai take yi. Sau biyu aka katse ni ina cikin magana. Ƙawata da ta yi nata a ranar ta ce su hira suka yi ana ta dariya, har aka ce mata madalla a ƙarshe. Yau kwana tara ba na barcin kirki. Malama, na faɗi ko?*

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki fara da yin barci, don a duk abin da kika lissafa babu ko ɗaya da ke nuna faɗuwa. Ban ce kin ci ba. Duk wanda ya gaya miki haka kafin Janairu, lokacin da sakamako zai fito, duba yake yi miki.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a ɗakin intabiyu karin maganar nan yakan ci amanar mutum. Akwai wani abokin aikina da muka daɗe muna zama tare. Kowa ya shigo sai ya tarbe shi da fara'a, yana gyaɗa kai yana "haka ne, haka ne", ko da yaron ya ce rana daga yamma take fitowa. Yaro na rufe ƙofa sai ya rubuta 4 cikin 10, ya ce a shigo da na gaba. Ni kuwa haka Allah ya yi ni, in amsa ta burge ni sai in haɗe gira, don hankalina ya tafi neman tambayar da zan ɗora a kai. Shekara da shekaru yara na fita suna sa masa albarka, ni kuma suna cewa matar nan ba ta da imani, alhali makina ne ya shigar da da yawa daga cikinsu.

Matar da ba ta ɗago kai ba, aikinta take yi. Galibi mutum biyu ake sawa, ɗaya na tambaya ɗaya na rubutu, sannan su yi canji. Rubutun nan shi zai tsaya miki a taron da za a yi bayan kwanaki, lokacin da fuskokin yara da dama sun gauraye a kawunan malaman. Katsewa kuma, ki tuna minti 20 zuwa 30 ne gaba ɗaya, ga tambayoyi uku ko huɗu da ake so kowa ya taɓa don a sami abin gwadawa. Akan katse mutum in ya riga ya nuna abin da ake nema, akan kuma katse shi in ya nufi daji don a dawo da shi hanya. Duka biyun taimako ne. Wanda aka bari yana ta zuba har lokaci ya ƙare, shi aka cuta.

Yanzu ga maganar "in kuma abin ya zama kaza fa". Yadda kika kwatanta, salon Oxford da Cambridge ke nan. Su a can malami ɗaya ne ke zama da ɗalibi biyu ko uku kowane mako, a baje matsala a yi ta ja-in-ja a kanta, don haka intabiyun nasu gwajin wannan zaman ne. Tambayoyin kamar tsani suke. Ki ɗauka an tambaye ki me ya sa zuciyar ɓera ke bugawa sau 500 ko fiye a minti ɗaya, ta giwa kuwa wajen sau 30. Kika ce ai don ɓera ƙarami ne. Tambayar kika maimaita, don haka sai a ce miki to ina ruwan ƙanƙanta da bugun zuciya? Kika yi shiru. Sai a miƙo miki sanda: ruwan zafi a cokali da ruwan zafi a bokiti, wanne zai riga hucewa? In kika kama sandar kika ce na cokali, saboda ƙaramin abu bayansa na da yawa in aka gwada da cikinsa, ke nan ɓera na zubar da ɗumin jikinsa da sauri, dole jikinsa ya riƙa ƙona makamashi da sauri, dole jini ya riƙa kai iska da sauri, to kin hau mataki. Ladanki kuwa shi ne tambaya mafi wuya: to dabba mai ɗumin jini za ta iya ƙanƙanta har ina kafin abin ya gagara? In kin amsa wannan ma akwai wata a bayanta. Ba a daina hawa sai kin tsaya. Ma'ana, kowa a wurin da bai sani ba yake ƙarewa, bambancin kawai a mataki na nawa ne. Wanda ya fito yana jin ya amsa komai, ko dai gwani ne na gaban kwatance, ko kuma ba a hau da shi ko'ina ba.

Wata yarinya ta taɓa fita daga gabanmu tana share hawaye da gefen mayafi, don mun bar ta a tsakiyar tambaya ta biyar ba ta ga ƙarshenta ba. Ba ta san cewa a ranar babu wanda ya wuce ta uku ba sai ita.

Game da ƙawarki, kada ki yi mata fatan tsiya, kada kuma ki yi mata kishi. Intabiyu mai daɗi fuska biyu gare shi. Wani lokaci yarinya ce ta zo da kaifin kai, malamai suka ji daɗin hira da ita har suka manta jarrabawa ake yi. Wani lokaci kuma mun ga yaro ya durƙushe tun minti biyar na farko, sai mu sassauta, mu koma tambayarsa littafin da ya fi so, don ya fita da mutuncinsa. A duka biyun akan yi dariya, akan kuma ce madalla. Haƙorin dariya shi ke cizo, in ji masu iya magana, amma ba kullum yake cizon ba.

Ki riƙe lissafin nan ma. Oxford na samun masu nema sama da 23,000 a shekara, tana kiran kusan 10,000 intabiyu, gurabenta kuwa wajen 3,300 ne. Ke nan ko a cikin waɗanda aka kira, kusan biyu cikin uku ba za su samu ba, kuma yawancinsu sun yi abin kirki a ɗakin. Sannan ba intabiyu kaɗai ake dubawa ba, ana haɗa shi da sakamakon makaranta, da jarrabawar share fage in akwai, da abin da malamanki suka rubuta a kanki.

Abin da zai amfane ki yanzu shi ne ki ɗauki biro yau ɗin nan, kafin fargaba ta gama sauya miki labarin, ki rubuta tambayoyin yadda suka zo. A gaban kowacce ki rubuta ko an miƙo miki sanda, da abin da kika yi da ita: kin kama, ko kin nace a kan amsarki ta farko, ko kin yi shiru kina tunani a zuci ba su ji ba. Wannan takardar ta fi fuskar malamin gaya miki gaskiya, kuma ko me Janairu ya zo da shi za ki buƙace ta a intabiyu na gaba.

*Malama, barka da aiki. Na nemi karatun likita a wata jami'a a Birtaniya. An zagaya da mu ɗakuna takwas, kowane ɗaki da tambayarsa. Ba a ɗauke ni ba, sai na rubuta na nemi dalili. Ga fassarar abin da suka aiko: "Kwamiti ya yaba da ƙwazonka da sha'awarka ga aikin likita. Sai dai amsoshinka sun fi karkata ga ba da labari fiye da nazari, kuma a wasu wurare sun yi kama da waɗanda aka shirya tun daga gida. A bana an sami masu nema masu ƙarfi ƙwarai." Na karanta ya fi sau talatin. Cewa suke yi ni maƙaryaci ne, ko ba ni da tunani?*

Ɗana, ba su ce ko ɗaya ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Bari mu warware wasiƙar tare, don irinta na da tsarin da in ka gane shi ba za ka sake karanta ta sau talatin ba.

Jimla ta farko sallama ce. Kowa ana yi masa ita, ka amsa ka wuce. Jimla ta ƙarshe labarin layi ne, wato mutane sun fi kujeru yawa. Gaskiya ce, amma ba ta shafe ka kai kaɗai ba, kuma babu abin da za ka iya yi a kanta. Saura ta tsakiya, wadda ta fara da "sai dai". Ita ce wasiƙar. Ka kuma sani, sau da yawa jimlolin nan daga rumbu ake ɗebo su. Ofishi na da jerin kalamai da aka tanada, sai ma'aikaci ya duba inda makinka ya yi ƙasa ya zaɓi wanda ya dace. Saboda haka kada ka tsaya auna nauyin kowace kalma kamar wani ne ya zauna ya rubuta ta da kai a ransa. Abin lura shi ne, cikin duk jerin, waɗannan biyun aka zaɓo maka.

Labari da nazari. An tambaye ka abin da ka koya a zaman da ka yi a asibiti, sai ka ce ka yi mako biyu, ka ga an yi ɗinki, ka ga an ɗora karaya, ka bi likita zagayen marasa lafiya kowace safiya. Duk gaskiya ne, kuma duk kyamara ma za ta iya faɗar haka. Ga wani yaron kuma ya ce: "Na ga likita ya jawo kujera ya zauna kafin ya gaya wa wani dattijo sakamakon gwajinsa. Da farko na ɗauka gajiya ce. Daga baya na lura ba ya zama in labarin mai daɗi ne. Sai na gane yana so dattijon ya san ba sauri yake yi ba, zai iya tambaya. Ni mutum ne mai gaggawar magana, tun daga ranar nake koyon yin shiru bayan na faɗi abu mai nauyi." Abu ɗaya tak ya kawo, ya ma fi naka ƙanƙanta, amma ya nuna abin da ya gani, da yadda ya fara fahimtarsa ba daidai ba, da abin da ya sauya a tare da shi. Wannan shi suke kira nazari, shi ne kuma suka ce ya yi ƙaranci a amsoshinka.

Maganar shiri daga gida kuwa, hadda suke nufi. Mu da muka zauna a kujerar nan mukan gane ta kafin minti ɗaya. Yaro ya fara amsa tun tambaya ba ta ƙare ba. Idonsa ya tafi sama kamar yana karanto rubutu a silin. In ka katse shi sai ya koma farkon jimlar kamar mai tilawa. Babbar alamar kuwa ita ce ya amsa maƙwabciyar tambayar, wadda ya shirya wa, ya bar wadda aka yi masa tana tsaye. Ba laifi ba ne ka shirya, wanda bai shirya ba ma ya fi shan wuya. Illar haddar ita ce tana toshe kunne, likita kuwa da kunne yake fara aiki. Ka tanadi abubuwan da suka faru da kai guda biyar ko shida, ka san su ciki da bai, amma kada ka rubuta jimlolin da za ka faɗe su da su. Ka sami wani wanda ba ruwansa da likitanci, mai yawan tambaya, ya riƙa ce maka "don me?" sau uku a jere bayan kowace amsa. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Za ka ji daidai wurin da ka daina magana ka koma karatu.

Zagayen ɗakunan da aka yi da ku shi ake kira MMI, wato jerin gajerun intabiyu. Jami'ar McMaster ta Kanada ce ta fara gwada shi a 2002, bayan an lura cewa makin intabiyu guda ɗaya ya dogara ƙwarai da wanda ka faɗa hannunsa da kuma tambayar da ta zo maka. Sai aka raba shi tashoshi, kowace tasha 'yan mintuna, kowace da mai ba da makinta wanda bai san abin da ka yi a ɗakin baya ba. A wasu tashoshin ma ɗan wasan kwaikwayo ake sawa ya fito a matsayin mai fushi ko mai baƙin ciki. Amfanin wannan gare ka shi ne makinka a rarrabe yake a rubuce. Ka sake rubuta musu gajeren imel cikin ladabi, ka tambayi tashoshin da makinka ya fi ƙasa, da nisan jimillar makinka daga inda aka yanke, da kuma ko intabiyu kaɗai ne ya yanke hukunci ko an haɗa shi da makin UCAT, wato jarrabawar share fage ta masu neman karatun likita, don jami'o'in sun bambanta a nan. Wasu za su ba ka lambobi, wasu za su ce abin da suka aiko ya isa. In aka ba ka, za ka ga ko tasha biyu ce ta ja ka ƙasa ko kuwa ko'ina ka tsaya tsaka-tsaki. Na farkon ya fi sauƙin gyara.

*Malama, wani tsohon ɗalibin wata babbar jami'ar Amurka ne ya yi min intabiyu. An ce minti 45, muka kai awa ɗaya da rabi. Da za mu rabu ya ce zai yi mamaki in ba a ɗauke ni ba. In fara gaya wa 'yan gida?*

Ka bari tukuna, ɗana. Mutumin nan da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ba shi da ƙuri'a. Jami'o'i irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT tsofaffin ɗalibansu ne ke yin wannan aiki na sa kai. Yawanci abin da ake ba su bai wuce sunanka da makarantarka da yadda za su same ka ba. Bai ga sakamakonka ba, bai ga na sauran dubban mutanen ba. Zai rubuta rahoto ya aika, rahoton ya shiga fayil tare da sauran takardu. Shari'ar da aka yi da Harvard a birnin Boston a 2018 a kan yadda take ɗaukar ɗalibai ta buɗe yadda cikin gidan yake a lokacin: ana bai wa mai nema maki daga 1 zuwa 6 a fannoni daban-daban, hukuncin ƙarshe kuma na wani kwamiti ne mai mutum wajen 40. A 2022 mutum sama da 61,000 suka nemi Harvard, waɗanda aka ɗauka ba su kai 2,000 ba. Ka tambayi duk wanda ya daɗe yana wannan aikin sa kai, zai gaya maka yaran da ya yaba da su aka bari sun fi waɗanda aka ɗauka yawa nesa ba kusa ba.

Abin da kalamansa ke nunawa shi ne rahotonka zai yi kyau, kuma ka iya zama da baƙo awa ɗaya da rabi bai gaji da kai ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka aika masa layi biyu na godiya, ka ci gaba da cike sauran fom-fom ɗinka, ka jira ƙarshen Maris, lokacin da sakamako zai fito.

*Hajiya, ina gaisuwa. 'Yata ita ke zuwa ta ɗaya a makarantarsu shekara uku a jere. Wata jami'a a Ingila ta ƙi ɗaukarta bayan intabiyu na minti 25. Ta ce ɗaya daga malaman ko murmushi bai yi mata ba. Ina so in shigar da ƙorafi, in kuma sa a nuna min abin da suka rubuta a kanta. Ta ina zan fara?*

Ina amsawa, Alhaji, Allah ya yi wa yarinya albarka. Zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba, don na taɓa zama inda kake. Lokacin da wata jami'a ta ƙi ɗaukar ɗana, ban yi shawara da kowa ba na ɗaga waya na kira wani da na sani a can. Hukunci bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne yaron ya yi mako guda ba ya haɗa ido da ni, daga baya ya ce, "Mama, kin mai da ni yaron da uwarsa ta kira." Har yau maganar na ci na.

To ta inda za ka fara shi ne ka tambaye ta ko tana so. Haƙƙin ganin takardun nata ne, kuma jami'a ba za ta tattauna fayil ɗinta da kai ba sai da izininta a rubuce. A Birtaniya, ƙarƙashin dokokin kare bayanan mutane da suka fara aiki a 2018, mutum na iya neman a ba shi bayanan da wata hukuma ke riƙe da su a kansa, kuma a bisa ƙa'ida wata ɗaya ake da shi a amsa. Wannan ya haɗa da wanda ya nema bai samu ba. A Amurka abin ya bambanta, don dokar FERPA ta 1974 waɗanda aka ɗauka suka shiga karatu take bai wa damar ganin fayil ɗinsu cikin kwana 45, ba ta shafi wanda aka ƙi ɗauka ba. Amma kafin a kai ga doka, hanya mafi sauƙi ita ce ita da kanta, ko malaminta da ya rubuta mata takardar shaida, a nemi bayani daga ofishin ɗaukar ɗalibai. Akwai wa'adin yin hakan, don haka ta duba wasiƙar da aka aiko mata.

Kada kuma ka sa ran ganin dogon sharhi. Takardar mai intabiyu 'yan kalmomi ne da aka yi wa rubutun gaggawa: "a hankali amma ta kai", "tambaya ta 2 sai da taimako", "ba ta sauya matsaya ba bayan an nuna mata", sai lamba a ƙasa. Ba don idon uba aka rubuta su ba, kuma sukan yi zafi in aka karanta a gida. Ita kuwa in ta karanta da sanyin rai, a irin wannan layin na uku za ta sami abin gyara.

Ƙorafi kuma yana da ƙofarsa. Jami'o'in can, har da Oxford da Cambridge, ba sa sake duba hukunci don kawai wani na ganin malamai sun yi kuskuren auna ilimin ɗalibi. Abin da suke saurara shi ne a ce an karya ƙa'ida ko an nuna son kai. Misali, intanet ya yanke rabin lokacin ba a sake ba ta wata dama ba, ko tana da lalurar da aka amince za a yi mata tanadi ba a yi ba, ko an yi mata tambaya ko magana ta wulaƙanci a kan addininta ko launin fatarta ko kasancewarta mace. In wani abu irin wannan ya faru, ta rubuta shi da rana da lokaci da kalmomin da aka faɗa, ta shigar da wuri, ni ma zan ce kada ta yi shiru. Rashin murmushi ba ya cikin jerin.

Zuwa ta ɗaya shekara uku abin alfahari ne, shi ya kai ta ɗakin. Sai dai kusan duk wanda ya shiga ɗakin nan a ranar, shi ma na ɗaya ne a inda ya fito. Wani lokaci ma yaran da ba su taɓa faɗuwa ba su suka fi shan wuya a irin wannan zama, don ba su saba a ce musu "sake dubawa" a gaban mutane ba, sai su ɗauki gyara a matsayin hari su tsaya kare amsarsu. Ban ce haka ta yi ba. Ka tambaye ta a hankali, ranar da ba kwa maganar jami'a, ka kuma bar ta ta gama kafin ka ce komai.

*Malama, a ƙarshen wasiƙar da aka ce ba a ɗauke ni ba, an rubuta cewa suna ƙarfafa min gwiwa in sake nema baɗi. Da gaske suke ko lallashi ne?*

Ɗana, ka duba wanda ya sa hannu da abin da ke kewaye da jimlar. In tana ƙasan wasiƙar ofishi wadda babu komai naka a ciki sai suna, to kowa ya sami irinta, ma'anarta kawai ba a hana ka sake nema ba. In kuwa malamin da ya yi maka tambayoyi ne ya rubuto, ya ambaci wani abu da ka faɗa a ɗakin, ya ce ka ƙarfafa lissafinka ko ka karanta kaza, wannan mutum ya ɓata lokacinsa a kanka, kuma malamai ba su cika yin haka don lallashi ba. Ko a hakan ma ba alkawari ba ne, don baɗi sabon layi ne, wataƙila ma wasu malaman za ka tarar.

Ba ka faɗi jami'ar ba. In Oxford ce ko Cambridge, ko karatun likita a Birtaniya, 15 ga Oktoba ake rufe karɓar fom ta UCAS, hukumar da ake bi ta hannunta wajen neman jami'o'in Birtaniya. Ka zauna ka rubuta abin da zai bambanta a fayil ɗinka kafin wannan rana, ko sabon sakamako, ko makin jarrabawar share fage da ya ɗaga, ko aikin da ka yi a tsakani. In shafin ya tashi babu komai, ka karɓi gurbin da wata jami'ar ta ba ka. Ka turo min wasiƙar gaba ɗayanta, ka rufe sunanka amma ka bar muƙamin wanda ya sa hannu, mu duba ta a fitowa ta gaba.